Daga Dokar Kalanda ta Landan Zuwa Harshen Java: Tarihin Matsalar Kwatanta Shekaru

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin wata tambaya da ake ɗauka mai sauƙi ce a fagen tsara manhajar kwamfuta, wato yadda za a gane ko ranaku biyu sun faɗo cikin shekara ɗaya, ko kuma wacce ta riga wacce. An ɗauki birnin Landan a matsayin fagen nazari saboda a can aka zartar da dokar da ta sauya kalandar Birtaniya a shekarar 1752, a can layin Greenwich yake, kuma wani masanin manhaja da ya yi aiki a can ne ya jagoranci gyaran tsarin kwanan wata na harshen Java. Maƙalar ta nuna cewa lambar shekara ba ta da ma'ana tsayayya sai an san kalandar da aka yi amfani da ita, da ranar da shekarar ta fara, da wurin da aka yi lissafin. An kuma danganta sakamakon da aikin masu adana tarihin ƙasar Hausa, inda Hijiriyya da Miladiyya suke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Muhimman Kalmomi: kalanda, shekara, Landan, Java, Hijiriyya, Miladiyya

1.0 Gabatarwa

A harsunan tsara manhaja da ake kira masu dogaro da abubuwa, ana siffanta kowane al'amari da wani tsari da ake ce wa aji, sannan a riƙa samar da abubuwa daga wannan ajin, kamar yadda tela yake yanka riguna masu yawa daga awo guda. Kowane abu yana ɗauke da bayanansa da kuma ayyukan da za a iya yi da shi. Wannan tunani ya faro ne daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Norway, ya bunƙasa a harshen Smalltalk a shekarun 1970, sannan ya game duniya bayan kamfanin Sun Microsystems ya fito da Java a shekarar 1995.

Kwanan wata yana cikin abubuwan da kusan kowace manhaja take buƙata. Banki yana so ya san shekarar da aka shigar da kuɗi, asibiti yana so ya san shekarun majinyaci, ɗakin adana kayan tarihi kuma yana so ya jera takardu bisa tsarin aukuwarsu. Mai tsara manhaja yakan ciro lambar shekara daga abu na farko, ya ciro ta biyu, ya kwatanta su. Amma amsar da na'ura take bayarwa ta dogara ne a kan wasu shawarwari da sarakuna da malaman coci da 'yan majalisa suka yanke ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera kwamfuta. Tarihin waɗannan shawarwari a Landan shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Landan Kafin 1752: Rana Ɗaya, Shekara Biyu

Kalandar da Julius Caesar ya kafa tana ɗaukar tsawon shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i, alhali zagayen yanayi na haƙiƙa ya gaza haka da kimanin minti 11. Wannan ɗan bambanci yakan taru ya zama kwana guda a cikin kimanin shekara 128. A shekarar 1582 Paparoma Gregory na XIII ya ba da umarnin gyara: ranar Alhamis 4 ga Oktoba sai Juma'a 15 ga Oktoba ta biyo bayanta, kuma daga nan shekarun da suke cika ƙarni ba za su sami kwana 366 ba sai in 400 ta raba su ba saura. Ƙasashen Katolika irin su Sifen da Fotugal sun karɓa nan take.

Ingila ba ta karɓa ba. Masanin lissafi John Dee ya gabatar wa gwamnatin Sarauniya Elizabeth ta I nasa tsarin gyaran a shekarar 1583, amma manyan limaman cocin Ingila suka ƙi amincewa da abin da suke gani ya fito daga hannun Paparoma. Don haka Landan ta zauna a bayan Paris da kwana 10. Da shekarar 1700 ta zo, Landan ta ƙirga 29 ga Fabrairu, Paris kuwa ba ta ƙirga ba, sai tazarar ta koma kwana 11.

Akwai kuma matsala ta biyu wadda ta fi ta farko rikitarwa ga mai kwatanta shekaru. A hukumance, sabuwar shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, ranar da Kiristoci suke tunawa da busharar da aka yi wa Maryamu. Saboda haka ranar 31 ga Disamba 1648 takan wuce, washegari a rubuta 1 ga Janairu 1648, lambar ba za ta sauya ba sai ƙarshen Maris. Sikotlan kuwa ta mayar da farkon shekararta 1 ga Janairu tun 1600. Lokacin da Elizabeth ta I ta rasu a Richmond ranar 24 ga Maris, a lissafin Landan ranar ƙarshe ce ta shekarar 1602, amma a Edinburgh, inda magajinta Sarki James yake, tuni an yi kusan wata uku cikin 1603.

Misalin Sarki Charles na I ya fi fito da hatsarin fili. Ranar 6 ga Disamba 1648 Kanar Thomas Pride ya tare ƙofar majalisa da sojoji ya hana 'yan majalisar da ba sa goyon bayan soja shiga, abin da ya share fagen gurfanar da sarkin. An fille wa Charles kai a Whitehall ranar 30 ga Janairu mai biye, wadda takardun hukuma na lokacin suka rubuta a cikin 1648, littattafan tarihi na yau suke rubutawa 1649, mutanen Paris kuma suka san ta da 9 ga Fabrairu 1649. Idan aka shigar da ranakun biyu cikin manhaja kamar yadda suke a takardun asali, na'urar za ta nuna an kashe sarkin wata goma kafin matakin da ya kai ga shari'arsa.

Mutanen Landan sun san wannan ruɗani, shi ya sa da yawa suka riƙa rubuta lamba biyu ga ranakun da suke tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, kamar 1659/60, lokacin da Samuel Pepys ya fara rubuta kundin rayuwarsa na yau da kullum. Haka rasuwar Isaac Newton a Kensington: 20 ga Maris 1726 a tsohon lissafi, 31 ga Maris 1727 a sabo.

3.0 Dokar Chesterfield

Wanda ya ɗauki nauyin gyaran shi ne Philip Dormer Stanhope, wanda aka fi sani da Lord Chesterfield. Ya taɓa zama jakadan Birtaniya a birnin Hague, inda ya ga wahalar da bambancin kalanda yake jawowa a wasiƙun diflomasiyya da na kasuwanci. Ya gabatar da ƙudurin a Majalisar Dattawa a watan Fabrairu 1751, tare da goyon bayan George Parker, wato Lord Macclesfield, masanin taurari, da kuma taimakon James Bradley, babban masanin taurari na masarauta a Greenwich. Sarki George na II ya amince da dokar a watan Mayu. Sunanta na hukuma yana ɗauke da shekarar 1750 har yau, domin zaman majalisar ya fara ne a lokacin da tsohon lissafi bai fita daga 1750 ba.

Dokar ta yi manyan abubuwa biyu. Na farko, ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu daga 1752, wanda ya sa shekarar 1751 ta Ingila, da ta fara 25 ga Maris, ta ƙare da kwana 282 kacal. Na biyu, ta cire kwana 11 daga watan Satumba 1752: aka kwanta ranar Laraba 2 ga wata, aka tashi ranar Alhamis 14 ga wata. Shekarar 1752 ta zama mai kwana 355. Jerin ranakun mako bai katse ba. Dokar ta shafi dukkan yankunan da Birtaniya take mulka, har da na Amurka, shi ya sa haihuwar George Washington ta tashi daga 11 ga Fabrairu 1731 ta koma 22 ga Fabrairu 1732.

Masu tsara dokar sun lura da bambancin da ke tsakanin sunan rana da adadin kwanakin da suka shuɗe. Sun tanadi cewa kuɗin haya da bashi da wa'adin kwangila ba za su matso kusa da kwana 11 ba, haka ma wanda yake jiran cika shekara 21 sai ya cika kwanakinsa na asali. Daga wannan tanadi ne shekarar harajin Birtaniya ta gusa daga 25 ga Maris zuwa farkon Afrilu, kuma a yau tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba. Labarin da ya shahara cewa talakawa sun yi tarzoma suna neman a mayar musu da kwanakinsu ya samo ƙarfi ne daga wani zanen barkwanci na William Hogarth na 1755 a kan zaɓe, kuma binciken masanin tarihi Robert Poole ya nuna babu hujjar aukuwar tarzomar.

4.0 Greenwich da Tambayar Wuri

An kafa cibiyar nazarin taurari ta Greenwich a shekarar 1675, kuma taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Washington a 1884 ya amince da layinta a matsayin mafarin auna faɗin duniya gabas da yamma. Daga nan lokacin Greenwich ya zama ma'auni. Tsarin Unix, da Java bayansa, suna ƙirga lokaci ne daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 bisa wannan ma'auni. Abin lura shi ne a wannan daren agogon Landan kansa yana nuna ƙarfe 1:00, domin daga 1968 zuwa 1971 Birtaniya tana gwajin zama awa ɗaya gaba da Greenwich duk tsawon shekara.

Ma'anar wannan ga kwatanta shekaru ita ce lokaci guda yana iya zama cikin shekara biyu. A lokacin sanyi Nijeriya da Nijar suna gaba da Landan da awa ɗaya. Idan Bahaushe mazaunin Landan ya aika wa iyalinsa kuɗi a Kano da ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Disamba, a Kano ƙarfe 12:30 ne na 1 ga Janairu. Manhajar da ta ciro shekara ba tare da an gaya mata wurin da ake nufi ba, za ta yi amfani da agogon na'urar da take aiki a kanta, wadda ƙila tana wata nahiya dabam.

5.0 Lamba Biyu da Shekarar 2000

Kwamfutocin kasuwanci na farko, waɗanda LEO ta kamfanin J. Lyons a Landan ta buɗe musu hanya a 1951, suna aiki ne da ma'adana ƙarama mai tsada, katin da ake hudawa kuma yana da gurbi 80 ne kawai. Saboda haka aka saba rubuta shekara da lamba biyu. Muddin ana cikin ƙarni ɗaya kwatancen yana tafiya daidai, amma da zarar an shiga 2000 sai 00 ta zama ƙasa da 99. An kafa ƙungiyar Taskforce 2000 a Birtaniya a 1996, gwamnati kuma ta kafa Action 2000 a 1997 domin zaburar da kamfanoni su gyara manhajojinsu.

Yawancin gyare-gyaren sun yi nasara, amma inda aka yi sake an ga illa. A asibitin Northern General da ke Sheffield, manhajar da take auna yiwuwar haihuwar jariri mai lalurar Down ta yi kuskuren lissafa shekarun iyaye mata bayan shigowar 2000, aka ba mata masu ciki 154 sakamakon da ba daidai ba. Kuskuren bai wuce na debe wata shekara daga wata ba, sai dai a kansa ne iyalai suka gina shawarar da ba a iya janyewa.

6.0 Yadda Java Ta Gaji Rikicin

Ajin Date da ya zo da fitowar Java ta farko a 1996 ya ɗauko wata al'ada daga harshen C: idan aka nemi shekara, sai ya bayar da adadin da ya rage bayan an debe 1900. Shekarar 1999 takan fito 99, ta 2000 kuma 100. Harshen JavaScript ya kwaikwayi wannan tsari, shi ya sa a farkon 2000 shafukan intanet da yawa da suke manna 19 a gaban lambar suka nuna 19100. Watanni kuma ana ƙirga su ne daga sifili, Janairu 0, Disamba 11.

A 1997 aka ƙara ajin Calendar da GregorianCalendar domin magance waɗannan. Sabon ajin ya san akwai sauyin kalanda, amma ranar da ya ɗauka ita ce ta Paparoma, 15 ga Oktoba 1582. Idan aka tambaye shi ko 1700 tana da kwana 366 zai ce a'a, alhali a Landan tana da su. Idan aka ba shi 29 ga Fabrairu 1700 daga wata takardar Landan, zai mayar da ita 1 ga Maris ba tare da gargaɗi ba. Ana iya sauya ranar zuwa 14 ga Satumba 1752 da umarnin setGregorianChange, sai dai ko an yi hakan ajin yana fara kowace shekara ne daga 1 ga Janairu, kuma bayaninsa na hukuma ya bar wa mai aiki gyaran ranakun Janairu zuwa 24 ga Maris da hannunsa.

Akwai wasu ramukan. Lambar shekara a wannan aji ba ta ɗauke da zamani, saboda haka shekara ta 5 kafin Miladiyya da ta 5 bayanta duk 5 suke bayarwa. Kwatanta abubuwa biyu da alamar == yana duba ko abu ɗaya ne a ma'adana, ba ya duba ranar da suke ɗauke da ita. Harafin y ƙarami a tsarin buga kwanan wata yana nufin shekarar kalanda, babban Y kuwa shekarar mako. A ƙa'idar ISO 8601, wadda ta fara fitowa a 1988, makon farko na shekara shi ne wanda Alhamis ta farko ta faɗo cikinsa, don haka Litinin 29 ga Disamba 2014 tana cikin shekarar mako ta 2015.

Wasu tsare-tsaren sun bi tarihin Landan kai tsaye. Umarnin cal na Unix yana nuna Satumba 1752 da giɓinta na kwana 11, nau'in datetime na rumbun bayanai na SQL Server kuwa ba ya karɓar ranar da ta gabaci 1 ga Janairu 1753, wato farkon cikakkiyar shekara ta farko bayan gyaran.

7.0 Gyaran 2014

Stephen Colebourne, masanin manhaja ɗan Birtaniya wanda ya yi aiki da kamfanin OpenGamma a Landan, ya fara ne da rubuta Joda-Time a matsayin madadin tsofaffin azuzuwan. Daga baya ya jagoranci aikin JSR-310, wanda ya shigo Java 8 a watan Maris 2014 da sunan java.time. Sabon tsarin ya raba ma'anonin da aka cakuɗa a da. Instant lokaci ne tsantsa ba tare da wuri ba, LocalDate kwanan wata ne ba tare da agogo ba, ZonedDateTime ya haɗa lokaci da wuri, Year kuma shekara ce ita kaɗai, da ayyukanta na isBefore da isAfter da isLeap. Ba a iya ciro shekara daga Instant sai an ambaci wuri, kuma abu ba ya sauyawa bayan an samar da shi.

Game da tarihi, sabon tsarin ya zaɓi shimfiɗa ƙa'idar Gregory zuwa baya har abada, tare da shekarar sifili a matsayin ta 1 kafin Miladiyya. Wannan ya sauƙaƙa lissafi, amma yana nufin ranar da aka samu a tsohuwar takarda sai an juya ta kafin a shigar. LocalDate yakan ƙi 29 ga Fabrairu 1700 a fili, wanda ya fi a sauya ta a ɓoye. Ga masu buƙatar kalandar Birtaniya kamar yadda aka rayu da ita, ƙarin kundin ThreeTen-Extra ya tanadi BritishCutoverChronology. Irin wannan buƙata ta zahiri ce ga duk mai aiki da kundaye kamar bayanan shari'o'in kotun Old Bailey, waɗanda suka faro daga 1674 zuwa 1913, suka ratsa shekarar sauyin.

8.0 Darasi ga Masu Adana Tarihin Ƙasar Hausa

Malaman Daular Sakkwato sun rubuta tarihinsu da Hijiriyya, Turawan mulkin mallaka kuma suka aika rahotanninsu Landan da Miladiyya. Shekarar Hijiriyya kwana 354 ko 355 ce, saboda haka iyakokin shekarun biyu ba sa haɗuwa. Hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804 ta auku ne a 1218, yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yuni na wannan shekarar kuwa a 1219. Faɗuwar Kano a Fabrairu 1903 da ta Sakkwato a Maris suna cikin 1320, yaƙin Burmi na Yuli kuma cikin 1321. Shekarar 2008 ta taɓa shekarun Hijiriyya uku, wato 1428 da 1429 da 1430. Don haka takardar da ta ambaci shekarar Hijiriyya kawai, ba wata ba rana, tana nuni ne ga wani tsawon lokaci da kan ratsa shekarun Miladiyya biyu, kuma haka ya kamata a adana ta.

Java tana da HijrahChronology, amma ta ginu ne a kan jadawalin Ummul Ƙura na Saudiyya, wanda ya taƙaita daga 1300 zuwa 1600 na Hijira. Dukkan zamanin Shehu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u yana wajen wannan iyaka. A cikin iyakar ma, farkon wata a Nijeriya ya dogara ne ga ganin jinjiri da sanarwar Sarkin Musulmi, wadda takan saɓa wa jadawalin da kwana guda. Sannan ranar Hijiriyya tana shiga ne da faɗuwar rana, ba da tsakar dare ba.

9.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa kafin a kwatanta shekaru biyu wajibi ne a amsa tambayoyi huɗu: wace kalanda ce, yaushe shekarar take farawa, a ina aka yi lissafin, kuma wace irin shekara ake nufi, ta kalanda ko ta haraji ko ta mako. 'Yan majalisar Landan na 1751 sun bambance sunan rana da adadin kwanaki domin kare mai haya da mai bin bashi, kuma wannan bambancin ne Java ta ɗauki kusan shekara 18 kafin ta shigar da shi cikin azuzuwanta yadda ya kamata. Ga cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Ma'adanar Waziri Junaidu da ke Sakkwato, hanyar da ta fi aminci wajen shigar da takardu cikin kwamfuta ita ce a adana kwanan wata kamar yadda marubucin asali ya rubuta shi, a ambaci kalandarsa, sannan a ajiye juyin Miladiyya a gurbi dabam tare da bayanin hanyar da aka bi aka same shi. Ta haka mai bincike na gaba zai iya gyara juyin idan an yi kuskure, ba tare da an rasa shaidar asali ba.